Gaisuwar Gindin Tsamiya

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba a cikin aji abin ya faru ba. A gindin wata tsamiya ya faru, bakin hanyar da ta fita daga Azare ta nufi Bulkachuwa. Tun da ku matasan malamai kun matsa sai na ba ku labarin aikin da, to ga wannan, musamman da na ji an sa wasunku a kwamitin wasanni har suna murna.

A farkon shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni ƙaramin malami ne a makarantar elementare ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ita ke ɗaukarmu aiki ita ke sallamarmu. Tsarin makaranta ba shi da wuyar ganewa: hedimasta a sama, malaman aji a ƙasansa, sai ni a ƙasan kowa. Duk aikin da ke buƙatar gudu ko tsayuwa a rana nawa ne, shi ya sa aka ba ni wasanni. Yaro kuwa idan ya kai ajin ƙarshe, hanya ɗaya ce a gabansa, hedimasta ya zaɓe shi ya zauna jarrabawar shiga Midil, makarantar kwana da ke hedikwatar lardi. Wanda ba a zaɓa ba, karatun bokonsa ya ƙare a nan.

Hedimastanmu Malam Hammadu ne, Bafulatani dogo siriri, mai son tsari har ya wuce kima. Shi ya je wani kwas ya ga ana tseren keke, ya dawo ya ce lallai mu ma sai yaranmu sun yi. Bai tsaya nan ba, ya aika wa takwaransa na elementaren Katagum cewa ya kawo nasa yaran a gwada. Sai bayan ya aika ne ya tuna makarantarmu ba ta da keke ko ɗaya. Dole aka nemi mutanen gari masu kekuna, aka haɗa kwamitin sa-kai. Babu mai biyan kowa, saboda haka babu mai iya korar kowa, kuma duk wanda ya zauna a irin wannan kwamiti ya san abin da nake nufi.

Ban da hedimasta da ni, akwai Malam Isa disfensa, mai ba da magani a ɗakin shan magani na gari. Akwai Tanko mai faci, wanda duk keken da ke Azare ya taɓa kwana a rumfarsa. Sai Alhaji Maina. Alhaji Babarbare ne, iyayensa suka zo daga Borno, yana fataucin fata da kanwa, kuma ya je Makka tun lokacin da in aka ce Alhaji a unguwa ba sai an tambayi wanne ba. Kekuna uku gare shi, duk ya ce a ɗauka. Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba ya rantsuwa, don bai taɓa buƙatarta ba. In ya ce zai yi abu, an gama.

A gidansa akwai yaro mai suna Modu, ɗan ƙanensa da ya rasu. Alhaji ya ɗauko shi daga Dagauda ya kawo shi makaranta da hannunsa, a lokacin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su boko. Modu yana ajin ƙarshe, ya fi kowa lissafi, kowa ya san sunansa ne zai fara fita in an zo zaɓen Midil. Ya kuma fi kowa iya keke, saboda duk aiken Alhaji a kan keke yake yi. Ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba, sai ya zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ya karkace, amma a haka in ya taso sai ka ba shi hanya.

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Malam Hammadu da Alhaji ba sa haɗuwa su rabu ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Hedimasta ya ce Barebari sun zana fuska ne don kada su ɓace a kasuwa, Alhaji ya ce ai Bafulatani in ka raba shi da saniya sai ka kama masa hannu ka kai shi gida. Dariya ake yi a watse. Matsalar wannan wasa ita ce, ranar da maganar ta zama ta gaske babu wanda ya lura da wurin da ta juya.

Zaman farko a ƙarƙashin darbejiyar makaranta aka yi shi bayan la'asar, kuma a kan tambaya ɗaya aka ƙare shi: wane ne yaro? Babu mai takardar haihuwa a lokacin. Malam Isa ya ce a kawo su ya duba haƙoransu. Alhaji ya ce ba awaki muke saye ba. Tanko ya ce duk wanda ƙafarsa ta kai feda daga kan sirdi ya girma, aka gwada sai aka ga wannan doka ta mai da wani magidanci gajere, mai 'ya'ya biyu, yaro. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa sai ɗan makaranta, kuma wanda bai fara aske haɓa ba. Zama na biyu hanya aka yi wa gardama, kowa yana so ta bi ta ƙofar gidansa. Da ƙyar aka yarda a tashi daga filin makaranta, a bi ta gefen kasuwa, a fita hanyar Bulkachuwa, a kewaye tsamiya a dawo.

To, tsere yana buƙatar shaidu a hanya, don kada yaro ya yanke ta lungu. Hedimasta ya ce shi zai tsaya a fili da usur. Malam Isa a kwanar kasuwa. Tanko a bakin gari da famfo da kayan faci. Gindin tsamiya kuwa, inda ake juyawa, nan ne wuri mafi muhimmanci, ana son mutumin da in ya ce yaro ya kewaye babu mai musu. Kowa ya kalli Alhaji. Aka haɗa shi da ni, in riƙe jan ƙyalle a kan sanda don yara su hango wurin daga nesa.

Saura kwanaki kaɗan aka ce a yi gwaji da yaranmu kawai. Kowa ya je wurinsa, hedimasta ya busa usur, yara suka taso. Muna gindin tsamiya muna jira, yaro ɗaya ya zo ya kewaye ya wuce, daga nan shiru. Muka jira har Alhaji ya ce ko an fasa ne. Ashe da sauran suka iso kwanar kasuwa suka ga Malam Isa a tsaye, sai duk suka taka burki, suka sauka, suka durƙusa suka gaishe shi. Shi kuma ya amsa, har ya tambayi ɗaya yaya tarin kakarsa. Suka hau, suka iso wurin Tanko, suka sake sauka. Da suka iso wurinmu suka jingine kekuna a jikin tsamiya, suka cire takalma masu takalma, suka zube gaban Alhaji. Alhaji kuwa gaisuwarsa ta Barebari ce, ba ya tsallake kowa a gida, sai ya tambayi uba, ya tambayi uwa, ya tambayi gajiya, ya koma kan uba.

Babu wanda ya ce wa yaran su yi haka, kuma babu wanda ya ce kada su yi. Mu duka da muka zauna muka tsara abin, babu wanda ya tuna cewa a garinmu yaro ba ya wuce babba a kan keke. Mun jera manya a hanya, mun ce wa yara su yi gudu.

Yaro ɗaya ne bai sauka ba ko'ina, shi ya zo na ɗaya da tazara mai nisa. Ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa suna nan, amma duk Azare an san shi da rashin kunya, har an taɓa kama shi yana kwaikwayon tafiyar liman.

Washegari aka zauna. Hedimasta ya zo da maganarsa a shirye. Ya ce tsere tsere ne, daga usur zuwa usur babu gaisuwa, duk wanda ya sauka ya fita. Ya ce ba zai tara mutanen Katagum su zo su ga yaran Azare suna durƙushe a hanya ba.

Alhaji ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, jiya wa ya ci?"

Hedimasta ya faɗi sunan.

"To ka gani. Mun tara gari, mun ba da kekunanmu, don mu nemo wanda ya fi kowa rashin tarbiyya mu ba shi kyauta. In haka ne ba sai an yi tsere ba, ai mun san shi."

Ni dai a zuciyata na ga kowannensu yana da gaskiya, amma ƙaramin malami ba a tambayarsa abin da ya gani. Tanko ya kawo shawara, ya ce yaro in ya zo wucewa ya kaɗa ƙararrawa, a ɗauka gaisuwa ce. Alhaji ya ce shi ba jaki ba ne da za a kaɗa masa ƙararrawa ya kauce. Malam Isa ya ce to kowa ya sauka, amma a ƙayyade gaisuwar, ina kwana lafiya lau, a hau. Alhaji ya ce gaisuwa ba maganin tari ba ce da za a auna ta da cokali. Na yi ƙarfin hali na ce ko a janye manya daga hanya a sa samari. Nan ne kaɗai aka haɗu a kan magana ɗaya, duk suka ce a'a, har da hedimasta, don babu wanda zai yarda da shaidar saurayi, kuma babu wanda ke son barin wurinsa.

Daga nan wasa ya shigo. Hedimasta ya ce ai Barebari in ba a durƙusa musu ba abinci ba ya narke musu. Aka yi dariya. Alhaji ya ce Fulani dai tun da shanu ba sa gaisuwa sun ɗauka haka duniya take. Aka ƙara dariya. Sai hedimasta ya ce, yana murmushi, "Alhaji, ka bar wahalar da kanka. Ranar Asabar ko Modu na gidanka sai dai ka ji iskarsa."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Ranar da Modu ya wuce ni a kan keke bai sauka ya gaishe ni ba, ranar zai koma Dagauda ya kama fartanya. Ban kawo shi birni don ya koyi wannan ba."

Da hedimasta ya yi shiru a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma mutane sun taru a bayanmu suna saurare, kuma shi ma yana da nasa girman. Ya gyara zama ya ce, "Ni kuma yaron da ya karya dokar makaranta a gaban baƙi, ba zan tura shi jarrabawar Midil ba, ko ɗan waye."

Aka tashi ba a yi addu'a ba. Tanko yana tura kekensa a gefena ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Malam Yusufu, sun yanka yaron nan su biyu, kuma kowa yana ganin ɗayan ne ya riƙe wuƙar."

Haka abin yake. In Modu ya sauka, babu Midil. In bai sauka ba, babu ma makarantar. Kuma duk su biyun suna son yaron, wannan ne ya fi ba ni haushi. Na kwana da abin a raina, da safe na shiga ofishin hedimasta na ce, ranka ya daɗe, me zai hana a cire Modu daga tseren, a ce ƙafarsa ke ciwo. Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ka san wani yaro da zai iya da 'yan Katagum in ba shi ba?" Na ce babu. Ya ce, "To, sannan kana so in yi ƙarya. Malam Yusufu, je ka duba fili." Na fita na duba fili.

Da yamma na je zauren Alhaji. Na gaishe shi yadda yake so, tun daga uba har gajiya, sannan na kawo maganar janye Modu. Ya ce, "Ɗan gidana ya janye? A ce ya ji tsoron Bafulatani?" Na ce to Alhaji ko za ka yi musanya da Malam Isa, ko ka zauna a fili cikin inuwa. Ya ce an ba shi tsamiya a gaban mutane, a tsamiya za a same shi. Ya sa aka kawo mini ruwa, wanda a wurinsa ma'anarsa magana ta ƙare.

Modu da kansa ya same ni a bayan aji ana gobe tsere. Yaro ne marar surutu. Ya tsaya yana murza gefen rigarsa, ya ce, "Malam, me zan yi?" Na yi shekaru ina amsa tambayoyin yara, wasu na sani wasu na ƙirƙira, amma wannan ban sami abin ƙirƙira ba. Na ce masa ya je ya kwanta da wuri. Ya ce to. Kunya ta kama ni ƙwarai, don na san ba amsa na ba shi ba.

Ranar Asabar 'yan Katagum suka iso da hantsi a bayan wata lori, su da malaminsu da kekunansu ɗaure da igiya. Malaminsu ya riga ya gaya musu babu sauka, kuma su baƙi ne, ba su san kowa a hanya ba, abin bai dame su ba. Namu yaran kuwa hedimasta ya jera su ya maimaita doka. Na kalli Modu, yana riƙe da baƙin keken Alhaji, wanda shi Alhajin ke hawa da kansa, idonsa a ƙasa.

Ni da Alhaji muka riga kowa tafiya. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya, daidai inda dole kowane yaro ya bi ta gabansa, ya zauna cikin babbar riga da rawani kamar mai jiran baƙi. Na kafa sandata da jan ƙyalle. An gama yankan gero, sai dawa ke tsaye a gonar da ke gefen hanya. Wasu 'yan ƙauye masu zuwa kasuwa suka sauke kaya suka tsaya kallo. Alhaji ya ɗauko carbi yana ja.

Muka ji ihun mutane daga cikin gari, muka san an taso. Ba a jima ba na hango su. Modu ne a gaba, a karkace kamar yadda ya saba, wani dogon yaro ɗan Katagum yana manne da tayarsa ta baya. Sauran suna can nesa. Da suka matso na ga hannun Modu ya kai kan burki, ya saki, ya sake kaiwa. Keken ya yi ƙara, ya rage gudu. Ɗan Katagum ya zo daidai kafaɗarsa. Modu har ya iso bai yanke abin da zai yi ba, a fuskarsa na gani.

Sai Alhaji ya ajiye carbi. Ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya taka zuwa bakin gonar dawa ba tare da gaggawa ba. Ya juya wa hanya baya, ya tattare babbar riga, ya tsuguna.

Ku 'yan yanzu wataƙila sai an yi muku bayani. Mutumin da ya tsuguna zai kama ruwa ba a gaishe shi. Ba a yi masa magana, ba a ma kallon inda yake. Yaron da ya sauka daga keke ya durƙusa gaban dattijo a wannan hali, shi ne marar kunya, ba wanda ya wuce ba. Duk yaron da aka haifa a ƙasar nan ya san wannan tun kafin ya san baƙaƙe.

Modu ya kawar da kai, ya saki burki, ya kewaye tsamiya. Ɗan Katagum ya riga ya shige gabansa a kwanar. Suka miƙa suka koma gari. 'Yan ƙauyen nan masu kallo su ma duk suka juya suna duban sama, kamar an ce musu hadari ya taso.

Na ɗauka Alhaji zai tashi. Har ya ɗan motsa, sai ya koma. Na gane abin da ya gane: in ya tashi yanzu, yaran da ke baya za su same shi a tsaye su sauka, gobe kuma gari ya ce ɗansa kaɗai ya buɗe wa hanya. Saboda haka ya zauna a tsugune. Yara suka riƙa zuwa, biyu, uku, ɗaya, kowa ya iso sai ya sunkuyar da kai ya kewaye shiru. Har marar kunyar nan ya zo ya wuce, kuma a ranar babu wanda ya fi shi ladabi.

Alhaji ya haura sittin, ga jiki. Rana ta fara zafi. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, bai juyo ba.

"Malam Yusufu."

"Na'am, Alhaji."

"Sun ƙare?"

Na duba hanya. Can nesa akwai wani ƙaramin yaro, sarƙarsa ta zame, ya durƙusa yana fama da ita. Na ce, "Saura ɗaya, Alhaji."

"Yana zuwa?"

"Yana gyaran sarƙa."

Sannan ya ce, "Ɗan waye?"

"Ɗan Malam Isa disfensa ne."

"Allah ya shirye shi."

Yaron ya gyara ya hau, sarƙa ta sake zamewa. Ya ga dai abin ba zai yiwu ba, amma bai yarda ya koma ba, sai ya kama keken yana turawa a ƙasa, a hankali, don ya kewaye tsamiya kamar kowa. Na so in ruga in ɗauko shi da keken gaba ɗaya, amma ni shaida ne, ba ni da ikon taɓa ɗan tsere. Haka muka jira shi. Ya zo, ya ga bayan Alhaji, ya kawar da kai, ya kewaye, ya kama hanyar gari yana turawa.

Na ce, "Sun ƙare, Alhaji." Bai tashi ba. Na sake faɗa. Sai ya ce, "Na ji ka. Zo ka kama ni." Ƙafafunsa sun mutu gaba ɗaya. Na sa kafaɗata a hammatarsa na ɗaga shi, ya tsaya yana riƙe da ni har jini ya dawo. Butar tana nan cike yadda ya zo da ita. Ƙasar wurin kuwa na duba, ban ga abin da zan ba da labari ba. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Naɗe mini buzun nan." Na naɗe.

Ko da muka isa fili an gama. Ɗan Katagum ne ya ci, Modu ya zo na biyu, tsakaninsu bai kai tsawon keke ba. Labarin tsamiya ya riga mu isowa, amma babu wanda ya nuna ya ji. Hedimasta ya taro mu, ya tambaye ni a gaban kowa, da muryar aiki, ko duk yara sun kewaye. Na ce sun kewaye. Ya ce akwai wanda ya sauka don gaisuwa? Na ce babu. Ya juya wurin Alhaji ya ce, "Alhaji, akwai yaron da ya wuce ka bai gaishe ka ba?"

Alhaji ya ce, "Ni ban ga wanda ya wuce ni ba. Uzuri ya kama ni."

Hedimasta ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Barebari dai, tsufa ya zo."

"Ba tsufa ba ne. Nonon Fulani na sha da safe, rabinsa ruwa."

Aka fashe da dariya, irin dariyar da mutane ke yi in an sauke musu kaya. Hedimasta ya kama hannun Alhaji da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Ana cikin haka Modu ya turo baƙin keken, ya jingine, ya zube gaban Alhaji ya gaishe shi, doguwar gaisuwa. Alhaji ya amsa duka. Da ya gama sai ya ce, "Na nawa ka zo?"

"Na biyu, Baba."

"Wa ya ce ka taɓa burki?"

Yaron ya ɗago kai yana kallonsa. Alhaji ya ce, "Kekena ne, na san kukansa. Tashi ka je ka sha ruwa." Ni a nan ne na juya na tafi neman abin da ban ajiye ba, don bai dace yara su ga malamin wasanni yana share ido ba.

Modu ya zauna jarrabawa a wannan shekara, ya ci, ya tafi Midil. Alhaji da kansa ya raka shi tasha. Maganar sauka ko rashin sauka kuwa, har na bar makarantar kwamiti bai yanke ta ba. Duk shekara sai an tayar da ita, hedimasta ya ce babu sauka, Alhaji ya ce akwai, a watse kowa yana kan bakansa, kuma ba a sake kiran sunan yaron kowa a cikinta ba.

Abin da na koya, shi zan bar muku. A aikin sa-kai mutane ba sa kawo kuɗi ko lokaci kawai, girmansu suke kawowa, kuma shi ne kayan da ya fi wuyar ajiyewa. Kada ka taɓa tura babba ya faɗi maganarsa ta ƙarshe a gaban jama'a, don in ya faɗa, ba shi zai biya ba, wani ƙarami ne zai biya. In kuwa ya riga ya faɗa, ka ga ya samo wa kansa hanyar fita, komai muninta, to kada ka tambaye shi, kada ka yaba masa, kada ka nuna ka gane. Na yi aiki da masu ilimi da yawa bayan nan, na ga waɗanda suka iya tsayawa a kan magana, suna nan birjik. Wanda zai tsuguna a rana a bakin hanya, a gaban 'yan ƙauye, har ƙafarsa ta mutu, don kada maganarsa ta faɗa a kan yaro, shi ne ban ƙara gani ba.